Wa Ya Buga Gangar Lungun Sawo?

Semarang, 6 ga Maris, 2000

Zuwa ga yayana, Mas Suwignyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mbak Ratmi da yara. Yaya zafin Tarakan, yaya aiki? Mu nan Lungun Sawo muna lafiya, in dai numfashi kawai ake nufi.

Na san za ka ce Warsini ba ta ɗaukar biro sai da dalili. To, dalilan biyu ne. Na farko, sadakar kwana dubu ta Baba ta faɗo ranar 25 ga Mayu. Ba ka samu jana'iza ba, ba ka zo ta arba'in ba, ba ka zo ta ɗari ba. Shekara goma sha huɗu rabonka da lungun nan. Wannan ita ce ta ƙarshe, daga ita ba sauran wata. In ka sake ce mini aiki, wallahi tattabarun da ake saki a ranar ni kaɗai zan sake su, in ce wa jama'a Baba 'ya ɗaya ya haifa.

Na biyu shi ne mijina, kuma shi ya hana ni sukuni.

Ka san Kasiran, mutumin da ko kaza za a yanka sai ya kira maƙwabci. A watan Oktoba aka sace babur ɗin malamar firamare da rana tsaka. Mutanenku 'yan sanda suka zo rumfarsa ta faci a bakin titi, wai tunda kowane babur nan yake bi, ba zai rasa sani ba. Suka duba takardun nasa babur ɗin, suka ga sunan wanda ya sayar masa ne a jiki, kamar rabin baburan garin nan. A gaban masu jiran faci wani yaro a cikinsu da bai kai ƙaninsa ba ya shara masa mari, ya ce, "Kai da ganin idonka ma ɓarawo ne." Suka tafi da shi ofis, kwana uku ya yi a can.

A rana ta huɗu aka ga babur ɗin malama a hannun Danang, ɗan Haji Mukri mai masana'antar awara. Da hantsi aka shiga da shi ofis, kafin la'asar ya fito a motar ubansa yana shan lemo. Kasiran kuwa ƙofa aka nuna masa, ko "yi haƙuri" ba wanda ya ce. Babur ɗinsa har yau yana can a tsakar ofis ruwa na dukansa, wai shaida ne. Shaidar me, Mas? Kai da ka yi makarantar abin, ka faɗa mini.

Tun daga nan mijina ya zama wani mutum. Ya tara mazan lungu suka ce ba wanda zai sake kai ƙara, su za su tsare kansu. Ya ciro kentongan ɗin Baba daga bayan kicin, gangar itacen nan da ya rinƙa bugawa lokacin da yake gadin unguwa, ya rataye ta a bakin lungu. Laujen da yake yankar wa akuya ciyawa yanzu kullum sai ya wasa shi, kuma akuyar ba ta ga ciyawar ba. Na ce masa, "Pak, wannan wasin na mene ne?" Ya ce, "Wanda muka kama ba zai fito kafin la'asar yana shan lemo ba."

Ina tsoro, Mas. Ina tsoron ɓarayi, amma na fi tsoron ranar da za a ce mini mijina ya kashe mutum. Kai ɗan sanda ne, akwai waɗanda ka sani. Ka sa a dawo masa da babur ɗinsa, wani mai kaki ya dube shi ya ce an yi kuskure. Ina ganin abin da zai sa ya ajiye laujen ke nan.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Warsini

Tarakan, 21 ga Maris, 2000

Zuwa ga ƙanwata, Dik Warsini,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta da natsuwa. Muna lafiya, mai ɗakina tana gaishe ki. Zan amsa miki bi da bi.

Na farko, batun sadaka. Na shigar da takardar neman hutu. Ba zan yi alkawari ba sai an sa hannu.

Na biyu, batun Kasiran. Ban ji daɗi ba. Sai dai ki sani kowane aiki da ƙa'idarsa. Mutumin da takardarsa ba sunansa dole a tambaye shi, kuma kayan shaida ba a sakinsa sai an rufe fayil. Yaron da ya yi marin ya yi ba daidai ba, amma ba a yi wa dukan ma'aikata hukunci da hannun mutum ɗaya. Game da ɗan Haji Mukri, ba na nan, ban ga fayil ba, ba zan ce komai ba.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci. Na yi waya da wani abokin karatuna da ke aiki a Semarang, Sajan Hartoyo. Ya tabbatar mini cewa a gundumarku rahoton sata ya ragu da kusan rabi cikin wata shida. A Lungun Sawo kuwa babu ko ɗaya tun Oktoba. Saboda haka tsoron da kuke ciki ya fi abin da ke ƙasa girma. Ki gaya wa Kasiran haka, ki kuma gaya masa cewa ɗaukar doka a hannu laifi ne mai nauyi. Duk wanda suka kama su miƙa shi ofis.

Na yi murmushi da na ji gangar Baba ta koma bakin lungu. Ina fata ba ke kike buga ta ba. Kin tuna yadda ya zaunar da mu yana koya mana? Ɗaiɗai kisan kai, bibbiyu ɓarawo, uku-uku gobara. Ke kuwa sai ki haɗe bibbiyun ki ƙi barin numfashi a tsakani, har ya ce, "Sini, in ke ce mai gadi, rabin unguwa da bokiti za su fito, rabi da sanda." Garaje dai bai bar ki ba, ko a rubutu ina jinsa.

Ki kwantar da hankalinki. Hukuma tana aikinta.

Yayanki,
Sajan Suwignyo

Semarang, 9 ga Afrilu, 2000

Mas,

Salamu alaikum. Gaisuwa ga Mbak Ratmi da yara. Kai kuma zan gaishe ka in na huce.

"Sajan Suwignyo." Ni ka sa wa hannu da muƙami? Ni da na wanke maka wando ranar da ka faɗo daga bishiyar sawo?

Na karanta wa matan lungu lissafin abokinka a wurin mai kayan miya, har Yu Painem ta ƙware don dariya. Ta ce, "Ki ce da yayanki ni ma ciwon ƙafata ya warke, tunda na daina zuwa asibiti." Rahoto ya ragu, Mas, saboda ba mai kai rahoto. An ɗauke wa Pak Darmaji mai unguwa injin jan ruwa, bai kai ba, shi da yake mai unguwa. An kwashe shanyar Yu Painem, ba ta kai ba. Ka manta karin maganar garinku? Ka kai ƙarar akuya, ka dawo ba saniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma bari in gaya maka gaskiyar da ban faɗa wa matan ba. Na zauna na ƙirga, abin da aka sata da gaske tun Oktoba bai wuce huɗu ba. Lokacin Baba ma ana yin haka. A da in an sace maka abu sai ka yi tsaki, ka san akwai inda za ka je, ko ba a samo ba za a rubuta sunanka a ce ka zauna. Yanzu kowa ya ga yadda abin yake: in kai ɗan Haji ne, ko ka ɗauka ba ka ɗauka ba, in kai mai faci ne, ko ba ka ɗauka ba ka ɗauka. To wa ya rage tsakaninmu da ɓarawo? Babu kowa. Shi ya sa ko kyanwa ta taka kwano sai gabanmu ya faɗi.

Ni kaina na lalace. Ina suya ina leƙen taga. Na ƙona tempe, wainar waken suyan nan, sau uku a satin nan. In na je kasuwa jaka tana ƙirjina kamar jariri.

Shekaranjiya mai karanta mita ya shigo, sabo ne, ba a san fuskarsa ba. Ya tsaya yana leƙa bayan gidan Yu Painem, inda mitarta take. Kafin ya ɗago mutum shida sun kewaye shi. Kasiran ya riƙe masa wuyan riga, lauje a ɗaya hannun. Bawan Allah yana ta cewa, "Pak, lantarki, Pak, lantarki!" Da Pak Darmaji bai fito da zani ɗaure a ƙugu yana ihu ba, da yanzu wani labarin nake rubuta maka. Da Kasiran ya dawo gida na kawo masa shayi. Na ce, "Da ka sare shi fa?" Ya ce, "Su wa za su tambaye ni? Waɗancan?"

Ban roƙe ka lacca ba. Babur na roƙa, da kalma ɗaya. In ba za ka iya ba ka ce ba za ka iya ba.

In kuma hutun ya samu, don Allah kada ka shigo mana da kaki. Ba na son a tofa wa ɗan Baba yawu a ranar sadakar Baba.

Warsini

Tarakan, 2 ga Mayu, 2000

Dik Sini,

Wa alaikis salam. Na amshi faɗan, na kuma ci abina. Mai ɗakina ta karanta ta ce kin yi mini da sauƙi.

Na daɗe ban amsa ba saboda na rubuta sau uku ina yagawa. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Shekara shida da suka wuce an sace kwalin kaya a tashar jirgin ruwa. Na kama wani ɗan dako, ɗan ƙabilar Bugis ne, sunansa Daeng Tola, ba don komai ba sai don shi ya fi kusa da ni kuma rigarsa ta fi yagewa. Na mare shi a gaban abokan aikinsa. Daga baya aka gano magatakardan sito ne. Aka saki Daeng Tola, ni na buɗe masa ƙofa, ban ce masa komai ba. A raina na ce ai ya ci sa'a.

Har yau yana nan tashar. In na shigo sai hira ta mutu, 'yan dako su sunkuyar da kai. Shekara shida ina ɗauka girmamawa ce. Kuma shekara shida ba wanda ya kawo mini rahoton komai daga tashar, har an yaba mini a kan haka a gaban fareti. Da na karanta maganar Yu Painem sai na ji kamar ni ta nuna da yatsa.

Jiya na je na same shi. Na ce, "Daeng, na zalunce ka." Ya dube ni ya dubi bayana, yana neman inda tarkon yake. Sannan ya ce, "Ba komai, Komandan," ya ɗauki buhunsa ya wuce da sauri. Ban san ko ta yi amfani ba. Wataƙila kalmar ma tana da lokacinta.

An sa hannu a hutun. Zan hau jirgin tsakiyar wata zuwa Surabaya, akwai abin da zan tsaya yi kafin in iso gida. Kada ki tambaye ni rana, kada kuma a zo tarya ta. Ɗan lungu ba ya buƙatar ɗan jagora. Ba zan sa kaki ba. Kada ki gaya wa Kasiran komai tukuna, ba na son in ɗaga masa rai a kan abin da bai tabbata ba.

Ki ajiye mini sawo in ta nuna.

Yayanki,
Wignyo

Semarang, 14 ga Mayu, 2000

Mas Wignyo,

Salamu alaikum. Na yi kuka da wasiƙarka, sannan na yi dariya, sannan na tuna abin da ban gaya maka ba sai na rarumi biro. Allah ya sa wannan ta riske ka kafin jirgi ya tashi. Da gudu nake rubutawa, gidan waya na gab da rufewa.

Lungun da ka sani ba shi ne yanzu ba. Ka karanta da kyau.

Sun sa ƙarfen tare hanya a bakin lungu. Duk baƙo sai ya fara zuwa gidan Pak Darmaji ya faɗi sunansa da gidan da ya nufa. Kada ka ce ai kai ɗan gida ne. Rabin mazan nan haya suke, ba su taɓa ganinka ba, sauran kuma saurayi mai gashi suka sani, ni ma hoton auren nan naka kawai nake da shi.

Dokar da ka sani ta kashe inji a tura babur tana nan, amma an ƙara mata: ba a shiga da hular kwano a ka. Duk wanda ya rufe fuska, ɓarawo ne har sai ya nuna ba shi ba ne.

Sawo kuma babu ita. Sun sare ta a watan jiya, wai ana iya hawa a dira gidaje uku. Na tsaya ina kallo aka sare bishiyar da Baba ya dasa, ban ce uffan ba, don ni ma na sha kallonta ina ganin mutum a cikin ganye. Saboda haka kada ka nemi gida da ita. Ƙofa ta bakwai a hannun dama, shuɗin fenti.

Ran Laraba, jajibirin sadakar, da rana maza za su kafa rumfa. An sayi akuya, an sayi tattabaru biyu. Ka yi waya shagon Haji Mukri a kira ni, in fito in tarye ka, ko kana so ko ba ka so.

Allah ya kawo ka lafiya.

Sini

Semarang, 27 ga Mayu, 2000

Yayana,

Salamu alaikum. Sannu, Mas. Sannu. Ban san wace gaisuwa ake yi wa mutum a irin wannan hali ba.

Sau uku ina zuwa asibiti, mai gadin da suka ajiye a ƙofarka ya ce ba ɗan Lungun Sawo da zai shiga. Na ce ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Haka kuke yi wa 'yan'uwanku a can?" Na juyo. Wata nas ce ta yarda ta kai maka wannan tare da kunun shinkafa. Ta ce haƙarƙari uku da hannun dama ne suka karye, amma kanka lafiya, hular ta tare.

Mbak Ratmi ta yi waya, ta ce wasiƙata ta isa kwana biyu bayan tashinka.

Sajan Hartoyo ya ba ni rabin labarin. Ya ce kwana huɗu ka yi kana zarya daga wannan tebur zuwa wancan har aka saki babur ɗin. Babur ɗin ya ƙi tashi, wata bakwai a cikin ruwa, ka ƙi a ɗauko a mota, ka ce da hannunka za ka kai wa mai shi. Ka turo shi tun daga ofis cikin rana. Sauran rabin ni zan ba ka, don na san ba ka ga komai ba.

Ƙarfen bakin lungu a ɗage yake saboda masu kawo kujeru. Ka shigo ka wuce gidanmu, kana neman sawo. Maza duk suna bayan gida suna fasa gora. Ka kai ƙarshen lungu ka juyo. To abin da aka gani ke nan: baƙo, fuska a rufe, yana tura babur marar makulli yana nufar waje. Babur ɗin ya yi tsatsa, jan fentinsa ya koma kalar ƙasa, ba wanda zai ce na Kasiran ne. Sai aka buga ganga.

Suka fito da abin da ke hannunsu, gora da guduma. Ina jin wani yana cewa, "Yau dai mun samu!" Yu Painem tana ihu, "Ku kashe shege!" ita da ke ba kyanwoyin lungu abinci. Kasiran ne ya iso a ƙarshe, da lauje. Suka buɗa masa hanya, Mas. Wannan ne ba zan manta ba, yadda suka buɗa masa kamar liman ya iso. Ya ɗaga hannu. Sai idonsa ya faɗa kan tayar baya, kan robar tare taɓo da ya yanka da kansa daga tsohuwar taya, ya ɗaure da wayar kwano. Ya ce, "Wannan ai nawa ne." Ya sake cewa, "Nawa ne, ku tsaya!" Ba su ji ba, sai ya yar da laujen ya kwanta a kanka. Gora biyu a bayansa suka sauka.

Ni na cire maka hular. Ka yi sanƙo, ka yi furfura, ka koma Baba sak.

Da Pak Darmaji ya laluba aljihunka ya ga katin aikinka, kowa ya ja da baya. Cikin rabin awa motocin 'yan sanda uku suka iso. Uku, Mas. Ban taɓa sanin suna da mota uku ba. Suka kwashe maza goma sha ɗaya. Babbansu ya tsaya gaban gangar ya ce wanda ya buga ta shi ya tara jama'a, shi ne uban laifin, a nuna shi. Ba wanda ya yi motsi. Sai Kasiran ya ce, "Ni ne, Pak."

An yi sadakar ran Alhamis, mata da tsofaffi kawai. Na saki tattabarun ni kaɗai, kamar yadda bakina ya faɗa.

Ina roƙonka, ka gaya musu shi ya cece ka. Suna cewa shekaru zai yi. Babur ɗin yana jingine a ƙofar gida, na kasa kallonsa, na kasa shigar da shi.

Ƙanwarka,
Sini

Asibiti, 30 ga Mayu, 2000

Dik Sini,

Wa alaikis salam. Nas ce ke rubuta mini, ki yi haƙuri da gajarta. Kunun ya yi daɗi, sai dai gishiri ya yi yawa, kamar kullum.

Na ba da bayani. Na ce ban ga fuskar kowa ba, kuma gaskiya ne. Na ce ba na ƙarar kowa. Na ce mutumin da ya kwanta a kaina shi ya sa nake numfashi. Na kuma tambayi babbansu ko mota nawa zai turo da a ce mai karanta mita ne a kwance a nan. Bai ji daɗin tambayar ba, ya ce zafin ciwo ne. Gobe za su saki goma.

Kasiran ba sa sakinsa. Sun ce ya amsa da bakinsa shi ya buga ganga, kuma dole wani ya ɗauki abin.

Kin san katin yana aljihuna tun farko. Da sanda ta fara sauka hannuna ya tafi wurinsa, sai na fasa. Na ji tsoron katin fiye da sandunan. Shekara ashirin ina aikin nan, sai a ƙasan lungunmu na san abin da kike ta rubuto mini.

(Na ce nas ta ba ni biron. Da hagu nake wannan, ita ta fita.)

Ba Kasiran ba ne. Kafin kowa ya taɓa ni na ji gangar. Bibbiyu a haɗe, ba numfashi a tsakani. Har na yi murmushi a cikin hular, na ce ga Sini can. Na juyo in kira ki.

Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ban riƙe ki da komai ba. Ki yaga wannan.

Wignyo

Semarang, 1 ga Yuni, 2000

Mas,

Salamu alaikum. Ban yaga ba.

Ni ce. Ganyen ayaba na fito karɓa, na gan ka, ban ko yi tunani ba. Kasiran ya san hannuna kamar yadda ka sani.

Goman sun dawo, ba mai iya kallon idona. Na shigar da babur ɗin, na wanke shi. Laujen na ba Yu Painem ta yanka wa akuyarta ciyawa.

Gobe da safe zan je ofis. Na guge zanen da na sa ranar sadaka. Pak Darmaji ya ce zai raka ni har ƙofa, daga nan ban sani ba.

Abu ɗaya nake so in tambaye ka, tunda kai ka san cikin gidan. In na shiga na faɗi sunana, za su ce in zauna su saurare ni har in gama, kamar yadda za su yi wa matar Haji Mukri? Nas za ta kawo mini amsa in ka bayar. In ba ka tabbata ba kada ka rubuta komai, zan gane. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ƙarfe takwas zan fita.

Allah ya ba ka lafiya.

Ƙanwarka,
Warsini